Sikanin ya ce jaririna ƙarami ne: awon girma yana faɗin wanda zai rayu?

"Assalamu alaikum Likita. Cikina na fari ne, yanzu sati 32. Na je sikanin aka rubuta mini nauyin jariri kilo 1.5, mai hoton ya ce bai kai yadda ake so ba, wai yana ƙasa da kashi goma. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, domin yayata ta taɓa haihuwar ɗan ƙarami, bai kwana uku ba ya koma. Don Allah wannan awon da gaske yana nuna jaririn da zai zo da ciwo, ko wanda ba zai rayu ba? Ko in haƙura in jira ranar haihuwa?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya sa ɗan yayarki mai ceto ne, ke kuma Ya sauke ki lafiya.

In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: shin lambar da ke takardar nan hukunci ce a kan jaririnki, kuma shin akwai abin yi ko sai zaman jira. Bari in fara da abin da zai sa ki ɗan samu barci. Awo ɗaya, a rana ɗaya, ba ya faɗin makomar jariri. Yawancin jariran da sikanin ya kira ƙanana lafiya lau ake haihuwarsu. Amma a cikinsu akwai 'yan tsiraru da ke cikin haɗari na gaske, kuma duk aikinmu a ɗakin awo shi ne mu tsamo waɗannan daga cikin taron. Saboda haka jira kawai ba shawara ba ce. Takardar hannunki ta buɗe bincike ne, ba ta rufe shi ba.

Abin da na'ura take aunawa

Ba a taɓa ɗora jaririn da ke ciki a kan sikeli ba. Mai hoto yana auna faɗin kai, da kewayen kai, da kewayen ciki, da tsawon ƙashin cinya, sai na'urar ta haɗa su da wani lissafi ta fitar da kintacen nauyi. Lissafin da aka fi amfani da shi a na'urorinmu shi ne na Hadlock, wani likitan hoto a Amurka, wanda ya fito a 1985. Ko a hannun ƙwararre, kintacen yakan kauce da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. To ki duba: kilo 1.5 ɗin da aka rubuta miki zai iya zama 1.3, zai iya zama 1.7. Na farko abin damuwa ne, na biyu kuwa ya haye layi.

Wannan "kashi goma" da ya tsorata ki ga ma'anarsa. A ce an jera jarirai 100 masu sati 32 daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, naki yana cikin goman farko. Likitoci biyu a birnin Denba, Battaglia da Lubchenco, su suka kafa wannan iyakar a 1967, aka ci gaba da bin ta har yau. Ki lura, ko da a ce duk jariran nan ɗari lafiyarsu ƙalau, dole dai a samu goma da suka fi saura ƙanƙanta.

Sai babbar matsalarmu a nan: kwanan ciki. Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan cewa satin nan 32 gaskiya ne. Sau nawa nake tambayar mace ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe ta ce mini "tsakanin ƙaramar Sallah da babba"? Wannan tazarar ta kai sati goma. Sikanin da aka yi a wata uku na farko yakan faɗi kwanan ciki da kuskuren da bai wuce mako guda ba. Wanda aka fara yi a watanni ukun ƙarshe kan iya kaucewa da sati uku, gaba ko baya. Jariri mai kilo 1.5 a sati 30 daidai yake da sa'anninsa, a sati 34 kuwa ya shiga layin masu haɗari. Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai juna biyu ta yi sikanin ko sau ɗaya kafin sati 24. Akwai wani kuskure da nake yawan gani kuma yana ci mini rai: mace ta zo da tsohon sikanin mai kyau, sabon mai hoto ya ga jariri ƙarami, sai kawai ya sauya mata ranar haihuwa ya ce cikin ne bai kai ba. Da wannan gyaran an binne alamar da ya kamata ta tayar da kowa. In kina da hoton farkon ciki, shi ne alƙali, kada a taɓa kwanan da ya bayar.

Ƙarami daban, wanda ya tsaya daban

Wani jaririn ƙarami ne don haka Allah Ya yi shi. Uwa 'yar siririya, uba ba dogo ba, yaro yana bin layinsa sannu a hankali, yana motsi, ruwansa ya cika. Wannan ba shi da wata cuta. Wani kuwa an halicce shi ne ya kai kilo uku da rabi, amma mabiyiya ta gaza kai masa abinci da iska, sai girmansa ya ja birki. Wannan na biyun shi muke nema.

Jikin jaririn da abinci ya yi wa ƙaranci yana yin irin dabarar magidanci a shekarar fari. Rumbu ake fara taɓawa. Rumbun jariri hantarsa ce, a nan yake ajiye suga, kuma hanta ce ta cika yawancin cikinsa, shi ya sa kewayen ciki ne yake fara ja baya kai kuma yana nan yana girma. Daga nan sai ya karkatar da jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage wa ƙoda da hanji da fata. Ƙoda in ta samu jini kaɗan fitsari zai ragu, ruwan da jariri ke kwance a ciki kuma galibinsa fitsarinsa ne, sai ki ji an ce ruwa ya yi kaɗan. Kin ga ashe kewayen ciki, da yawan ruwa, da gudun jini, labari ɗaya suke bayarwa daga kusurwa daban-daban.

An gwada wannan a Kembirij ta Ingila, aka fitar da sakamakon a 2015. Mata 3,977 masu cikin fari, kamar ke, aka yi wa kowacce sikanin a sati 28 da 36. Yi wa kowa hoto ya gano kashi 57 cikin 100 na jariran da aka haifa ƙanana, alhali tsohon tsarin na yi wa wadda ake zargi kaɗai kashi 20 ya gano. Amma darasin da ya fi amfani shi ne na biyu. Cikin jariran da hoto ya kira ƙanana, kusan bakwai cikin goma kewayen cikinsu yana girma da saurin da ya dace, kuma waɗannan ba a ga sun fi sauran jarirai shiga matsala ba. Ragowar, waɗanda ga ƙanƙanta ga kewayen ciki ya rage gudu, su ne haɗarin rashin lafiya bayan haihuwa ya ninka musu kusan sau huɗu.

Akwai wata mata da har yau nakan tuna da ita. Doguwa ce, haihuwa ta huɗu, duk 'ya'yanta manya take haifa. A sati 28 jaririnta yana sama da tsakiyar layi. A sati 36 ya sauko can ƙasa, amma bai tsallaka layin goma ba, don haka takarda ta fito da rubutun cewa komai daidai. Ni ma na karanta, na ga kalmar "daidai", na ba ta sati biyu. Ban ajiye takardun biyu gefe da gefe ba. Kwana tara bayan haka ta dawo da daddare, ta ce tun asuba yaron bai motsa kamar yadda ya saba ba. Muka shiga da ita tiyata a daren. An ciro shi da rai, fata ta yi masa yawa kamar ya sa rigar wansa, cibiya siririya, ruwan ya koma kore saboda kashin da ya yi a ciki. Ya yi kwana goma sha ɗaya a ɗakin jarirai kafin a sallame shi. A makon nan kuma wata yarinya 'yar ƙarama da muka yi ta fargaba a kanta tun sati 30 ta haifi 'yarta mai kilo 2.4 da kanta, ta fito tana tsala kuka, ta kama nono nan take. Tun daga lokacin ba na karanta sikanin guda ɗaya sai na ce a miƙo mini na baya.

Gudun jini a cibiya

Akwai wani awo da ake kira Dofla, na'urar sikanin ɗin ce dai take yin sa, yana nuna yadda jini ke gudu a jijiyar cibiya tsakanin jariri da mabiyiya. Mabiyiya mai lafiya kamar fadama take, tana karɓar jini ko a lokacin da zuciyar jariri ta ɗan saki tsakanin bugu da bugu. In ta fara lalacewa sai gudun ya ragu a wannan tsakanin. In ta ƙara lalacewa ya tsaya cak. In abin ya kai maƙura sai jinin ya riƙa komawa baya. Waɗannan matakai biyu na ƙarshe su ne alamu mafi ƙarfi da muke da su na cewa jariri na iya rasuwa a ciki. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mata masu ciki mai haɗari, an ga amfani da Dofla ya rage mutuwar jarirai a ciki da bayan haihuwa da kusan kashi 30 cikin 100. A harkarmu ba kasafai ake samun awon da ya yi irin wannan tasiri ba.

Sai dai yana da iyaka. In tsayawar girma ta faro a makare, bayan sati 32, jijiyar cibiya kan iya nuna komai daidai alhali yaron yana shan wuya. A nan ake duba wata jijiya a ƙwaƙwalwarsa a ga ko ta buɗe fiye da kima, a kwatanta ta da ta cibiya. A 2016 masana daga ƙasashe da dama sun daidaita a kan ma'auni: jaririn da ke cikin uku mafi ƙanƙanta a ɗari, wannan kaɗai ya isa a ce girmansa ya tauye. Wanda yake tsakanin uku da goma kuwa sai an haɗa da wata shaida, ko Dofla mara kyau, ko, a ƙarshen ciki, faɗowa mai yawa daga layin da yake bi.

Wani abu kuma da ba a cika gaya wa mata ba: jadawalin da ake kwatanta jaririn da shi ba ɗaya ba ne a duniya. Akwai na Hadlock, wanda aka gina da matan Amurka. Akwai na jami'ar Oksfod da ya fito a 2014 daga ƙasashe takwas, Kenya na ciki. Akwai na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 daga ƙasashe goma, har da Masar da Kwango. A Ingila wasu asibitoci suna gyara layin daidai da tsawon uwa da nauyinta da yawan haihuwarta. Kilo 1.5 a sati 32 yana ƙasa da layin goma a wani jadawalin, a wani kuma yana bakin layin. Ni a wurina wannan muhawarar ba ta kai muhimmancin a riƙe jadawali ɗaya, da mai hoto ɗaya in zai yiwu, daga farko har ƙarshe ba.

Me alƙaluma suka ce game da mutuwa

Ba zan ɓoye miki ba, ƙanƙanta tana da alaƙa da mutuwar jarirai. Wani babban nazari na 2013 da ya haɗa haihuwa sama da miliyan biyu a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka ya nuna jaririn da aka haifa ƙarami bisa kwanakinsa haɗarin rasuwarsa a watan farko ya kusa ninki biyu. Bakwaini ya kusa ninki bakwai. Wanda ya haɗa biyun, ga bakwaini ga tauyewar girma, ninki goma sha biyar. Ki riƙe wannan jerin, domin shi ne dalilin da ba ma gaggawar ciro jariri don kawai an ce ƙarami ne. Fito da shi da wuri ba tare da hujja ba ƙara masa haɗari na biyu ne a kan na farko.

Ga kuma alƙaluman da suka fi dacewa da ke. A wani yanki na tsakiyar Ingila an bi haihuwa sama da 92,000, aka buga sakamakon a 2013. Inda girma bai tauye ba, jarirai 2.4 cikin 1,000 aka haifa babu rai. Inda ya tauye amma aka gano tun ana awo, 9.7. Inda ya tauye ba a gano ba, 19.8. Ganowa ta rage haɗarin da rabi. Ke yanzu kina cikin waɗanda aka gano, kuma ko a wannan rukunin jarirai 990 cikin 1,000 da rai aka haife su. Asibitocinsu ba irin namu ba ne, ba zan ce miki lambar za ta zo daidai a nan ba, amma alƙiblar ɗaya ce.

Hoto shi kaɗai kuwa ba ya ceton kowa. An yi wani gwaji a karkarar Kwango da Kenya da Zambiya da Pakistan da Gwatamala, aka kai na'urorin sikanin ƙananan asibitoci, sakamakon ya fito a 2018: mutuwar uwaye da jarirai ba ta ragu ba. An ga matsala a hoto, amma hanyar zuwa babban asibiti da jini da tiyata da ɗakin jarirai ba su sauya ba. A Holan ma, inda komai yake akwai, ƙara sikanin ga mata marasa wata matsala ya ƙara gano ƙananan jarirai amma bai rage munanan sakamako ba. Awo yana da amfani ne gwargwadon abin da aka yi bayansa.

Abin da ya kamata a yi miki yanzu

Da a gabana kike, da hawan jini zan fara. A cikin fari, tauyewar girman jariri da hawan jinin masu ciki sau da yawa tushensu ɗaya, wato mabiyiyar da ba ta kafu da kyau ba, kuma wani lokaci jariri ne yake fara nuna alama kafin uwa. A auna jininki, a duba fitsari, a maimaita kowane mako. Sai zazzaɓin cizon sauro, wanda a ƙasarmu yana cikin manyan dalilai: ƙwayar cutar tana taruwa a mabiyiya, ta fi kuma addabar masu cikin fari, har ba tare da mace ta ji zazzaɓi ba. A yi gwaji, ki tabbatar kina karɓar Fansidar ɗin da ake bayarwa a wurin awo wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, ki kwana a gidan sauro. A duba ƙarancin jini da rukunin jininki ko akwai sikila, da gwaje-gwajen sanyi da ake yi wa kowace mai awo. Ki ci abinci ki ƙoshi, wake da ƙwai da gyaɗa da nono da zogale, duk abin da hali ya bayar. Nakan ji wasu iyaye suna hana mai ciki cin abinci sosai wai kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wannan shawarar cutarwa ce.

Zan gaya miki gaskiya a nan: in mabiyiya ce ta gaza, babu allura ko ƙarin ruwa ko maganin gargajiya da aka tabbatar yana sa jariri ya ƙara girma. Kwanciya a gado wuni guda ma ba ta yi. Ƙaramin asfirin yana taimakawa ne a matsayin rigakafi, in an fara shi tun wajen wata huɗu ga matan da aka san suna da haɗari, wannan sai a tuna da shi a ciki na gaba. Makamin da ke hannunmu yanzu shi ne sa ido da zaɓen ranar haihuwa.

A yi miki Dofla cikin wannan makon, a auna ruwa. A sake awon girma bayan sati biyu zuwa uku. Kada ki yi ta yawon sikanin duk bayan kwana uku, domin girman da jariri zai yi a 'yan kwanaki bai kai kuskuren na'ura ba, ruɗewa kawai za ki ƙara. In Dofla ya yi kyau kuma yana tsakanin uku da goma, akan bar ciki ya kai sati 38 zuwa 39. In yana ƙasa da uku, ko gudun jinin ya ragu, wajen sati 37. In gudun ya tsaya, kwanciya asibiti ce, a haihu wajen sati 33 zuwa 34. In yana komawa baya, ke da kike sati 32 ba a jira. Waɗannan ƙa'idojin ƙasashe masu ɗakunan jarirai na zamani ne, likitanki zai auna su da abin da asibitinku zai iya. In za a haihu kafin sati 34 akan yi wa uwa allurar da ke nunar da huhun jariri. An gwada ta a asibitocin ƙasashe biyar har da Najeriya, sakamakon 2020 ya nuna mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6.

Ki haihu a asibitin da ke da tiyata da masu kula da jarirai, ko da ya fi nisa. Jaririn da ya sha yunwa a ciki ba ya jure matsin naƙuda kamar sauran, ana bukatar a riƙa sauraron zuciyarsa akai-akai. Bayan ya fito, abokan gabarsa biyu ne a kwanakin farko, sanyi da faɗuwar suga, domin ba shi da kitse kuma rumbun hantarsa ya ƙare. Ban san abin da ya ɗauki ɗan yayarki ba tunda ban gan shi ba, amma jarirai da yawa irinsa waɗannan biyun ne suke kayar da su, kuma duka ana iya tare su. A goge shi a ɗora shi a ƙirjinki fata da fata, a sa masa hula, a jinkirta wanka aƙalla awa 24 ko da kakanni sun matsa, balle in haihuwar ta faɗo cikin hunturu. A ba shi nono cikin awar farko, kada a matse dakashi a zubar, shi ne abincin da ya fi bukata, sannan kowane awa biyu zuwa uku ko da sai an tashe shi. Wani gwaji na 2021 da asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shiga ya nuna ɗora jarirai masu kilo 1 zuwa 1.8 a ƙirjin uwa tun daga haihuwa, maimakon a jira sai sun murmure a kwalba, ya rage mutuwarsu da kashi 25 cikin 100. A kuma sa ido a kan shawara, idonsa ko fatarsa in ta yi rawaya a koma asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ban duba ki ba, ban ga hoton ba, don haka likitan da ke riƙe da katinki shi ne mai yanke shawara. In kin koma, ki tafi da duk takardun sikanin ɗinki har na farkon, ki tafi da maigida ko mahaifiyarki don a ji tare, ki tambaya: da wane hoto aka ƙirga kwanan cikin, jaririn yana ƙasa da uku ne ko tsakanin uku da goma, yaya Dofla da ruwa, kuma yaushe zan dawo. Tsakanin yau da ranar, ke ce kika fi kowace na'ura sanin motsinsa. In ya ragu daga yadda kika saba, ko kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganinki ya dushe, ko fuska da hannu suka kumbura, ko ciwo ya tokare ki a saman ciki, ki tafi asibiti a wannan lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne, kada ki jira ranar awo.